Raken da Muka Binne a Bakin Teku

Duk Dandamisa, in ka cire alhazai, ba wanda ya riga ni hawa jirgin sama. Su ibada ce ta kai su, Allah ya karɓa musu. Ni sana'ar hannuna ce ta kai ni, har wata ƙasa da ruwa ya kewaye gabas da yamma, kudu da arewa. Sunana Maiwada mai mazarƙwaila. Ban taɓa zama a aji ba, amma a zamanina in ka fasa curin mazarƙwaila a kasuwar Makarfi ka ga cikinsa ja wur, ba yashi, ba ƙauri, to ba sai ka tambaya ba, daga tukunyata ya fito. Na ga fari, na ga shekarar da sanƙarau ya share rabin unguwarmu, dokin da ke juya mini inji ya taɓa harbina a ƙirji na tashi na ƙarasa aikin ranar. Duk sun wuce, ina nan. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a wuya har yau, zancen raken Ilisha.

Ilisha maƙwabcina ne a fadama. Kirista ne, iyayensa daga wajen Taba suka taso, tare muka yi kiwon awaki muna yara. Ni matse rake nake yi in dafa, shi kuwa nomansa yake yi, kuma a wannan ba wanda ya kamo ƙafarsa. Kowace shekara rakensa nake fara zura wa inji, don ruwansa ne ke buɗe mini kasuwa. Ina ce masa Fasto, ko da yake iyakar aikinsa a cocinsu shara ce ran Asabar. Shi kuma yana ce mini Sarkin Baki.

Abin ya faru ne zamanin soja, lokacin da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihu. Sukari ya ɓace daga kanti. Sai ka yi layi tun safe a Makarfi, soja na tsaye da dorina, in an zo kanka a ce ya ƙare. Ni dai hakan ya yi mini daɗi, don masu shayi da masu koko duk suka dawo kan mazarƙwaila. Amma daidai lokacin da kasuwa ta buɗe sai ciwo ya faɗa wa rake. Wani baƙin abu ne dogo siriri ke fitowa daga tsakiyar kansa, mutane suka sa masa suna bulala. In ka taɓa shi sai ka ga baƙin gari ya bi iska kamar na gawayi, raken kuma ya tsaya cak, ya koma kamar ciyawa. Ni in na Dandamisa ya mutu sai in kora jakuna Likoro ko Ikara in sayo wani. Ilisha ba shi da inda za shi. Fadama guda gare shi, ta gadon ubansa, kuma duk irin da ya samo, daga Kudan har Hunƙuyi, bulalar nan ta bi shi ta kashe.

Ɗansa Istifanus yana aiki a masaƙa a Kaduna, kullum saƙonsa ɗaya: Baba ka sayar da fadamar nan ku dawo wurina. Matarsa Matta ma ta fara karkata. Ilisha ya roƙe ta ta bar shi ya ƙara shuka ɗaya tak. In ta kama, su zauna. In ba ta kama ba, ya bi ta Kaduna ba musu.

Ana cikin haka sai malamin gonarmu, Malam Sada, ya zo a babur ya ce wata ƙungiyar Turawa mai taimakon manoma za ta kai mutane su ga yadda ake noman rake a wani tsibiri wai shi Morishos, can cikin teku bayan gabas. Daga yankinmu ana son mai noma ɗaya, mai dafawa ɗaya. Mai dafawa ai ba a tsaya shawara ba. Mai noma kuwa na ce in ba Ilisha ba ne, to su nemi wani mai dafawar ma.

Ranar tafiya Matta ta rako mu bakin titi, ta ninke wani tsohon zanenta ta cusa masa a jaka, wai ko za a yi sanyi.

Ta ce mini, "Baban Talatu, ga amanar mijina nan. Ko Zariya ya je sai ya ɓata."

Na ce, "Maman Istifanus, kwantar da hankalinki. A aljihu zan sa shi."

Ilisha ya ce, "Wane aljihun? Wanda goro ya cika?"

A filin jirgi na Kano Malam Sada ya tara mu ya ja mana kunne. Ya ce, "Kallo aka kai ku, ba ɗiba ba. Duk wanda ya ɗauko ko ganye ɗaya na shuka, a nan wurin za a kama shi, kuma kun ga soja ne a ƙofa. Ba ruwana." Ilisha ya sunkuyar da kai. Na san abin da ke ransa, don tun a mota ya gaya mini ba kallo ne zai kai shi ba.

Zancen jirgi ba zan tsawaita ba. Wasu sun yi amai, wasu sun yi ta salati. Ni barci na yi har da minshari.

Da muka sauka, aka wuce da mu tsakiyar tsibirin, aka sauke mu a wata makaranta kusa da kamfanin sukari. Teku dai ta tagar jirgi kawai muka hango shi. Amma rake, jama'a, na ga rake. Ka duba dama rake, ka duba hagu rake, har gindin duwatsu. Injinsu kuwa abin da dokina zai matse a shekara, shi kafin ka gama tauna goro ya haɗiye. Ban nuna musu na tsorata ba. Na ciro curin mazarƙwailata na gutsura wa Baturen wurin, ya sa a baki ya lumshe ido, ya miƙo hannu a ƙara masa.

Ilisha bai ko kalli inji ba. Duk gonar da aka kai mu sai ya shige cikin kunya yana janyo kawunan rake yana leƙawa. Ya fito wuyansa duk ƙaiƙayi ya ce mini, "Maiwada, babu. Ko ɗaya babu bulala." Ya sa Malam Sada ya tambayar masa. Aka ce su ma sun san ciwon, amma wannan irin ba ya kama shi. Ya ce a tambaya ko za a sam masa. Baturen ya yi murmushi ya ce wannan magana ce ta gwamnati da gwamnati, sai an yi shekaru ana gwaji.

Ranar da za mu bar makarantar, ana cin abincin rana, Ilisha ya yafuto ni muka zagaya baya. Akwai wani tsoho Ba'indiye, siriri kamar kara, yana saran rake a 'yar gonarsa. Ba ya jin namu, ba ma jin nasa. Ilisha ya karɓi addarsa ya sare rake ɗaya tun daga gindi, ya feƙe ganyen sara biyu. Tsohon ya yi dariya, ya gane ɗan'uwansa ne. Ilisha ya nuna idon raken, inda tsiro ke fitowa, da yatsa, ya nuna ƙasa, ya nuna ƙirjinsa, ya nuna nesa. Tsohon ya shiga cikin gona ya daɗe yana zaɓe, ya fito da rake biyu miƙaƙƙu, kowace gaɓa da idonta a cike kamar ƙwayar masara. Na ba shi mazarƙwaila da goro. Ya ciji goron, fuskarsa ta yamutse, amma ya haɗiye don kara.

Dabarar fita da su tawa ce, kuma har gobe ina alfahari da ita. Na ce a datse kai da gindi, kowa ya riƙe ɗaya ya dogara. Wa zai ƙwace wa dattijo sandarsa?

Daga nan aka kwashe mu zuwa wani otal a bakin teku, wai mu huta mu yi yawon buɗe ido kafin mu koma gida. Ɗakin da aka ba mu ni da Ilisha akwai wata na'ura a bango tana hura sanyi ba tsayawa, taga kuma ba ta buɗuwa. Da gari ya waye na kwance ƙunshin gorona na tarar ya yi yaushi. Ilisha ya kalli goron, ya janyo raken daga ƙarƙashin gado ya shafa idanun.

Ya ce, "In iskar nan ta yi wa goro haka cikin ganye, to wannan fa?"

Ba mu san yadda ake kashe na'urar ba. In mun kira ma'aikaci zai ga rake. Ga kuma mai shara da aka ce tana shiga har ƙarƙashin gado. Yawon da za a yi da mu kuwa na yini ne cikin rana, in mun riƙe su a hannu idanun za su ƙone.

To mu a wurinmu, in ka yanki irin rake ba ka shirya dasawa ba, abin da ake yi sananne ne. Sai ka kai shi bakin rafi, ka tona rairayi mai danshi, ka kwantar da shi ka rufe. Zai jira ka, idanunsa ma ƙara kumbura suke yi. Haka ubana ya yi, haka uban Ilisha ya yi.

Na idar da sallar asuba muka sauka da sandunanmu. Ranar na fara tsayawa gaban teku. Ruwan yana can nesa, shuɗi kamar an zuba baba, tsakaninmu da shi fili ne na farin rairayi mai sanyi. Ilisha ya taka har bakin ruwan ya ɗanɗana ya tofar. Ya dawo ya ce, "Gishiri ne zalla. Kada ko ɗigo ya taɓa shi." Saboda haka muka jiƙa zanen Matta da ruwan famfo, muka naɗe raken da kyau, muka zaɓi wuri nesa da ruwa, gindin wani baƙin dutse mai kama da turmi, don kada mu ɓata wurin.

Muna tonawa Ilisha ya ɗaga kai ya ga waɗansu ƙananan jiragen ruwa a kwance a kan rairayi, kowanne ya karkace gefe guda, an ɗaure su da igiya.

Ya ce, "Sarkin Baki, me ya sa jiragen nan suke kwance a ƙasa?"

Na ce, "Rani ne, Fasto. Ruwa ya ja. Ka taɓa ganin rafinmu ya ja baya ya dawo kafin damina?"

Ya ce, "Haka ne."

Ko yau ka tare duk manomin fadamar da ka ga dama daga nan har Ikara ka tambaye shi, amsar da zai ba ka ke nan. Muka rufe, muka daddale, Ilisha ya share sawunmu da tafin hannu.

Wadda ta zaga da mu wata mace ce 'yar tsibirin, baƙa kamar mu, sunanta Irene, da fure a gashinta. Tana magana Malam Sada na juya mana. Aka fara kai mu wani tudu inda ƙasa ta yi launi-launi, ja da shuɗi da rawaya da ruwan hanta, kamar an shanya atamfa. Turawa sai ɗaukar hoto suke yi. Ilisha ya leƙa ta kan shinge ya ce, "Kyan banza. Ko gujiya ba za ta yi a nan ba." Irene ta tambayi abin da ya ce, da aka gaya mata ta yi dariya har tana riƙe ciki.

Kusa da wurin akwai kunkuru. In na ce kunkuru kada ka tuna na bakin rafi. Wannan in ya tsaya bayansa ya kai cinyata, wuyansa kamar na raƙumi, aka ce ya girmi kakan kowa a cikinmu. Kowa ya ja baya, ni na matsa na dafa shi. Ilisha ya tsuguna yana sosa masa wuya, kunkurun ya miƙe yana lumshe ido.

Ya ce, "Maiwada, ga yayanka. Shi ma ya ga fari da sanƙarau, amma ka ji ya cika wa mutane kunne?"

Na ce, "Ba shi da mazarƙwailar da zai yi magana a kanta ne."

Muka ga ruwa yana zubowa daga kan dutse tsawon rimi uku. Muka shiga wani lambu inda ganyen bado ya kai faɗin tabarmar liman. Aka bi da mu wani bakin ruwa inda Turawa ke kwance a rana, maza da mata, ba komai jikinsu sai ɗan ƙyalle. Ni na kawar da kai ina istigifari. Ilisha ya ce, "An shanya su kamar barkono. Wa zai zo ya kwashe in hadari ya taso?"

Sai kasuwa. Na ci kasuwanni a rayuwata, amma wannan daban take. Kifi ja kamar ɗan maraƙi a kan tebur. Abarba a feƙe ana barbaɗa mata barkono da gishiri, na ce wannan hauka ne, na ci, na ƙara. Kayan yaji tsibi-tsibi, ƙanshi har cikin ƙwaƙwalwa. Wuri, irin wanda kakanninmu suka yi ciniki da shi, ga shi nan a kwando ana sayar wa yara su yi wasa. Na hango wani mai gemu da farar hula na yi masa sallama, ya amsa mini cikakkiya, ya rungume ni. Da yatsu kawai na yi ciniki da shi, na sayi hula, sai da ya riƙe kai. Har a tsakiyar teku ba a cuce ni ba.

Ilisha ya saya wa Matta wata babbar katantanwar teku, cikinta ja-ja kamar dasashin jariri. Irene ta kara masa a kunne, ya ji ruwa na ƙugi a ciki, ya buɗe baki kamar yaro. Tun da bulala ta shiga fadamarsa ban ga haƙoransa a waje ba sai ranar. A mota har waƙar cocinsu ya yi ta rerawa ƙasa-ƙasa. Ya matso kunnena ya ce in ya dasa bana, baɗi ya yanka ya ƙara faɗi, shekara ta uku duk Dandamisa sai ya ba kowa iri kyauta.

Na ce, "Sunan raken Ɗan Maiwada."

Ya ce, "Kai da ko rami ba ka iya tonawa daidai ba? Ɗan Matta za a ce. A cikin zanenta yake kwance."

Muka yi ta musu har otal.

La'asar ta yi lokacin da muka sauka daga mota. Ba mu shiga ɗaki ba, muka zagaya ta baya. Ilisha ne a gaba. Sai na ga ya tsaya.

Babu filin rairayin. Ruwa ya zo har gindin itatuwan otal, yana lasar matakala. Jiragen nan da muka bari a kwance duk sun tashi suna rawa a kan ruwa. Dutsenmu kuwa sai ƙoƙon kansa kawai, ruwa na rufe shi yana buɗewa.

Ilisha ya zabura. Da takalmansa, da katantanwar a hannu, ya shiga ruwan. Ya kai masa gwiwa, ya kai masa ƙugu. Na bi shi na riƙo rigarsa, don ba wanda ya iya iyo a cikinmu. Ya sunkuya yana laluben ƙasa da hannu ɗaya, ruwa na dukan fuskarsa. Da ƙyar na janyo shi.

Irene da Malam Sada suka iso. Ita tana dariya, ta ɗauka wanka muke sha'awa. Na ce wa Malam Sada ya tambaye ta ko an yi ruwan sama ne a wani wuri, ko dam ne ya fashe. Ta amsa tana nuna ruwan da hannu, gaba da baya.

Malam Sada ya ce, "Ta ce haka yake yi kullum. Ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, safe da yamma. Wai ko yaran goye sun sani."

Na ce, "To me ya hana a gaya wa baƙi?"

Ya ce, "Kun tambaya?" Sai ya kalli hannuna, ya kalli na Ilisha. Ya ce, "Baba Maiwada, ina sandunanku?"

Ni da Ilisha muka waiga wajen ruwan. Malam Sada ya daɗe yana kallon dutsen. Sannan ya ce, "Ni ban ji ba, ban gani ba," ya ja Irene suka tafi.

Washegari da sassafe ruwan ya sake ja kamar ba shi ya yi ɓarnar ba. Muka tona da hannu da farantin otal. Rairayin ya zame, zanen ya warware rabi a waje. Rake ɗaya ya tafi. Ɗaya yana nan, jiƙe sharkaf. Muka kai shi ɗaki muka yi ta wankewa a famfo. Ilisha ya lasa bayansa ya ce har yanzu da gishiri, muka ƙara wankewa. Idanun dai suna nan, sai dai sun ɗan yi duhu.

Na sami Malam Sada na ce a mai da mu wurin tsohon nan ko da gudu ne. Allah ya sani ya yi ƙoƙari, na ga ya je yana roƙon direba. Direban ya nuna masa agogo, ya nuna sama. Tsohon yana wancan ɓangaren tsibirin, jirgi kuma ba ya jiran kowa.

A Kano ni na riƙe raken. Na sa hular da na sayo, na dogara, na ɗingisa kamar wanda aka haifa da gurguntaka. Wani soja mai jajayen idanu ya tare ni.

Ya ce, "Baba, mene ne wannan?"

Na ce, "Sandata ce, ɗana."

Ya ce, "Ai rake ne."

Na ce, "Sandar talaka ke nan a zamanin nan. In na gaji in dogara, in na ji yunwa in sha."

Ya yi dariya ya ce wa ɗan'uwansa, "Ka ji tsohon nan. Ya tafi da rakensa ƙasar waje ya dawo da shi." Ya buɗe mini hanya. Mutum nawa ne a ƙasar nan suka wuce soja da abin da aka hana, yana yi musu dariya? Ni na yi.

Ilisha ya yanka raken gaɓa-gaɓa, ya dasa a kusurwar fadamarsa ta wajen giginya, inda ƙasar ta fi kyau. Ya kewaye da ƙaya. Da ƙwarya yake ba su ruwa, ba ya yarda kowa ya taɓa. Matta ta kai maganar cocinsu, ni ma na sa liman ya sa mana baki. Kullum da safe kafin in ɗaura wa doki inji sai na biya. In same shi a tsugune, ya ce, "Tukuna." In ce ai baƙo ne, sai ya saba da ƙasar.

Lokacin da rake ke tsirowa ya yi, ya wuce. Wata safiya na tarar ya cire ƙayar. Ya tono gaɓoɓin ya jera su a kan kunya. Ya miƙo mini ɗaya. Idon ya yi baƙi, na danna da farce ya nutse, wani tsami ya bugi hancina. Duk haka suke.

Na ce, "Fasto, mu je Likoro, na ji an ce akwai wani iri."

Ya ce, "Na yi wa Matta alkawari."

Bai ƙara kwana da yawa a Dandamisa ba. Wani ɗan kasuwa daga Makarfi ya sayi fadamar. Ranar da suka ɗora kaya a mota, Ilisha ya ba ni addarsa ya ce can ba abin da zai sara. Matta ta leƙo daga gaban mota, da katantanwar a cinyarta naɗe cikin zanen nan.

Ta ce, "Baban Talatu, ka dawo mini da shi kamar yadda ka ce. Na gode."

Ni da ba a taɓa rufe mini baki a kasuwa ba, sai na tsaya riƙe da addar har motar ta sha kwana.

Damina uku aka yi bayan tafiyarsu, sai ga Malam Sada da mota shaƙe da irin rake, wai gwamnati ta kawo wanda bulala ba ta kamawa. Kyauta aka raba. Mutumin da ya sayi fadamar Ilisha ya dasa, ya yi kyau har ya fi tsayin mutum a kan doki. Ni aka kawo wa na matse. Na zaɓi curi mafi kyau na shiga mota zuwa Kaduna.

Ashe an rage ma'aikata a masaƙa, Istifanus na ciki. Na sami Ilisha yana gadi a ƙofar wani sito, a kan benci, da wata rigar kaki da ta yi masa yawa. Muka gaisa, ya tambayi kowa da kowa har dokina. Na ba shi mazarƙwailar ban gaya masa raken ina ba ne. Ya gutsura ya sa a baki, ya daɗe yana tsotsa.

Ya ce, "Na wajen giginya ne."

Na ce, "Shi ne."

Ya ce, "Na san ƙasar za ta yi." Ya naɗe sauran ya sa a aljihu, wai na Matta. Muka zauna muna kallon motoci. Can ya ce, "Sarkin Baki, kana jin kunkurun nan yana nan da rai?"

Na ce, "Yana nan. Irinmu ba ma mutuwa da wuri."

Ya yi dariya, ya ce, "Ranar nan dai mun sha kallo."

Da kaka ta zagayo aka aiko mini ya rasu. A Kaduna aka binne shi, a wata maƙabarta da ko itace babu.

Yanzu in na zauna a dandali na ce na dafa kunkurun da ya kai cinyata, na ga ƙasa mai launin atamfa, na ga ruwan da ke tafiya da safe ya dawo da la'asar, sai samari su ƙyafta wa juna ido su ce Baba Maiwada ya fara. Da can in aka yi mini haka sai in ce a kira Ilisha, don kowa ya san shi ba ya ƙari. Malam Sada ma ya riga mu gidan gaskiya. Duk na binne su, ni na rage, kuma har yau ba a yi wanda ya kai ni dafa mazarƙwaila ba. Addar tana nan rataye a zaure. Raken kuwa da ya cika fadamun Dandamisa, Ɗan Gwamnati ake ce masa.